Ina Za Mu Kwana? Shawara Ga Masu Doguwar Tafiya A Kan Keke

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota ya yi tsada ƙwarai, keke kuwa ya sake samun daraja a ƙauyukanmu. Waɗanda suka jingine nasu a bayan rumbu shekara da shekaru sun fito da su, an sa sabuwar taya, an zuba wa sarƙa mai. Yanzu muna ganin malaman gona, da 'yan koli, da masu sayar da iri, da samari masu sha'awar ganin ƙasa, suna ɗaukar tafiyar kwana uku, ko biyar, har mako guda a kan keke. Yawancinsu sun iya faci, sun kuma iya ɗaura kaya a kariya. Abin da suka fi tambayarmu shi ne, idan rana ta faɗi mutum yana tsakanin gari da gari, ina zai sa haƙarƙarinsa?

Tambayar tana da nauyi, gama da dare ne matafiyi yakan yi hasarar kekensa, ko lafiyarsa, wani lokaci ma ransa. Domin wannan bari mu duba maganar daki-daki. Za mu ɗauki hanyar Jos zuwa Yola ta zama misalinmu, watau ta Bauci, da Gwambe, da Kaltungo, da Numan. Tsawonta ya ɗara kilomita 500 kaɗan, ta kuma ratsa tudu da kwari, da wurin sanyi da wurin zafi, saboda haka darussanta za su yi amfani a kowace hanya.

Abin da fatake suka sani

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan sha'ani. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya da jakuna, amma ba sa tashi da safe sai sun san inda za su sauka. Madugu ne shugaban ayari, jagaba kuma yana gaba. Sukan tashi da sassafe, su sauka tun rana tana sama, domin a sami sararin ɗebo ruwa, da yin itace, da kiwon dabbobi. Wurin saukarsu shi ne zango, kullum kuwa yana kusa da ruwa, kusa da gari, da sanin sarkin garin. A manyan kasuwanni akwai fatoma, mai saukar da baƙi, wanda yake ba su ɗaki, ya adana kayansu, ya tsaya musu idan magana ta taso. Har yau a ƙasar Gana unguwannin da baƙin nan suka kafa ana kiransu Zango.

Abu uku ke nan muka gāda daga gare su: a san masauki tun kafin a tashi, a sauka da sauran rana, a kuma sauka a hannun wani wanda mutanen gari suka sani. Keke ya fi jaki sauri, amma bai sāke ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

A raba hanya tun daga gida

Mutum mai lafiya, da kaya a bayan kekensa, yakan yi kilomita 12 zuwa 15 cikin sa'a guda. Idan muka cire lokacin hutu, da cin abinci, da faci, da tsananin rana, abin da ya dace a lissafta shi ne kilomita 60 zuwa 80 a yini. Wanda ya ƙudura kilomita 120 kowace rana, dare zai riƙa same shi a daji. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Ga yadda za a iya raba hanyar misalinmu. Daga Jos zuwa Bauci kimanin kilomita 130 ne, sai a raba biyu, a kwana a wajen Nabordo, kashegari a shiga Bauci. Daga Bauci zuwa Gwambe ya ɗara kilomita 150, sai a kwana Alkaleri, sa'an nan Gwambe. Daga Gwambe a bi ta Kumo da Billiri a kwana Kaltungo, wajen kilomita 70. Tsakanin Kaltungo da Numan akwai nisa, ya fi ƙarfin yini guda ga mai kaya, sai a yada zango a wajen Cham. Daga Numan zuwa Yola kuwa kimanin kilomita 60 ne. Kwana bakwai ke nan a hanya, a rana ta takwas a isa.

A rubuta sunayen garuruwan nan a takarda. A gefen kowane suna a rubuta wani ƙauye da yake kafin a kai shi, domin ranar da taya ta fashe sau biyu, ko iska ta yi ta bugun gaba, a san inda za a tsaya. Taswirar da ke cikin wayar hannu tana da taimako, amma caji yakan ƙare, akwai kuma wuraren da ba sabis. Takarda ba ta mutuwa a aljihu. In akwai dangi, ko abokin makaranta, ko abokin ciniki a ɗaya daga cikin garuruwan, a buga masa waya tun kwana biyu kafin a iso.

A fara nema da la'asar

A ƙasarmu rana takan faɗi wajen ƙarfe 6, ko da ɗan wani abu, duk shekara, duhu kuma yakan rufe kafin rabin sa'a ta wuce. Ka'idar da muke ba kowa ita ce, da ƙarfe 4 ta yi a fara neman masauki, kafin ƙarfe 5 a riga an sauka. Dalili a fili yake. Baƙon da ya iso da rana, mutane sun ga fuskarsa, sun ga kayansa, yara sun bi shi, dattawa sun amsa sallamarsa. Baƙon da ya buga ƙofa da ƙarfe 9 na dare kuwa, ko mutumin kirki ne, tsoronsa za a ji, kare ma ba zai bar shi ba. Har wa yau tuƙin keke da dare a babbar hanya kasada ce, gama manyan motoci ba sa ganin mai keke sai sun zo dab da shi.

Ƙofar da za a fara zuwa

Idan mun shiga ƙauyen da ba mu san kowa ba, wurin mai unguwa ko dagaci za mu fara tambaya. Mu sauka daga keke tun daga nesa, mu tura shi da hannu, mu cire baƙin tabarau da duk abin da ya rufe fuska, mu yi sallama, mu durƙusa mu yi gaisuwa sosai kafin mu kawo bukata. Bayan gaisuwa sai mu ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, daga Jos na fito, Yola na nufa. Yamma ta yi mini a garinku, ina roƙon inda zan kwana, da asuba in wuce." A faɗi suna, da garin haihuwa, da sana'a, a miƙa katin ɗan ƙasa tun ba a tambaya ba.

Abin da ya fi kati ƙarfi a ƙauye shi ne wasiƙa daga dagacin garinmu, ko fasto, ko liman, ko shugaban wurin aikinmu, da hatimi da lambar waya a jiki. Wasiƙar ta faɗi ko mu wane ne, da inda za mu, da dalilin tafiyar. A sa ta cikin leda saboda ruwa da gumi. In mai unguwa ya karɓe mu, ya sa yaro ya kai mu zaure, ko ɗakin samari, mun zama baƙin gari duka, 'yan banga ma za su san da zamanmu. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Akwai waɗansu ƙofofi kuma. Gidan fasto da na liman sun saba da baƙi, sau da yawa kuwa akwai ɗakin da aka keɓe domin haka. Hedimasta yana iya ba da aji guda, in an yi alkawarin fita kafin yara su zo. Ma'aikacin ɗakin shan magani yana iya barin mutum ya kwana a baranda kusa da mai gadi. A ofishin 'yan sanda akan bar matafiyi ya shimfiɗa tabarma a harabar bayan an rubuta sunansa. Amma ko ta wace ƙofa aka shiga, a roƙi mai masaukin ya sanar da mai unguwa. A manyan garuruwa kamar Bauci da Gwambe, inda ba a san baƙo da ɗan gari ba, gara a biya kuɗin ɗaki a ƙaramin otal ko gidan saukar baƙi, a kuma shigar da keke cikin ɗakin. Kwana a tasha shi ne na ƙarshe. In ya zama dole, a gabatar da kai ga shugabannin tasha, a kwana kusa da mai shayi inda akwai haske da jama'a.

Mata masu tafiya su nemi a kai su wurin uwargida, su kwana cikin gida tare da matan gidan. Ya fi kyau su yi tafiya su biyu ko uku.

In dole ta sa kwanan fili

Wata rana ba za a sami ɗaki ba, sai dai a kafa tanti ko a ɗaura gidan sauro a waje. Abu na fari da za mu tuna shi ne, babu filin da ba shi da mai shi. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnan jiha, amma a karkara kowane fegi, ko gona ce, ko saura, ko makiyaya, akwai wanda yake da hakki a kansa. A tambaya tukuna. Wuri mafi kyau shi ne gefen gida, ko bakin masussuka, inda mai gida zai ji kira in an yi.

Ga wuraren da za a guje wa:

1. Cikin busasshen rafi ko ƙarƙashin gada. Yashin yana da laushi, amma ruwan da aka yi a kan duwatsu nesa yana iya saukowa da tsakar dare, ko da ba a ga hadari a wurin ba.

2. Kan burtali da bakin mashaya. Shanu sukan bi da asuba ko da dare, za su tattake tanti, rigima kuma ta tashi a banza.

3. Cikin doguwar busasshiyar ciyawa da rani. Wutar daji tana gudu fiye da yadda mai barci zai tattara kayansa.

4. Gindin dogon itace da yake tsaye shi kaɗai da damina, saboda tsawa, da ƙarƙashin busasshen reshe, saboda iska.

5. Kusa da suri, da tarin duwatsu, da tarin karmami ko itace, da tsohon kango. Nan ne gidan maciji da kunama.

6. Dab da bakin kwalta. Mota takan kauce, idon kowane mai wucewa kuma yana kanka.

7. Cikin gandun daji na gwamnati. Daga Dindima, a hanyar Bauci zuwa Gwambe, akwai hanyar da ta nufi Yankari, gandun da aka kafa a 1956, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000. Akwai giwaye a ciki, masu gadin daji kuma za su ɗauki duk wanda suka samu da dare a matsayin mafarauci. Mai son ganin Yankari ya shiga ta ƙofa, ya kwana a masaukin Wikki.

A zaɓi wuri mai ɗan tudu, busasshe, a share shi tas da reshe tun da sauran haske, faɗin taki uku kowane gefe. A kwantar da keke kusa da kai, a sa masa kwaɗo, a ɗaura igiya daga taya zuwa sandar tanti domin in an taɓa shi a ji. Kuɗi da waya da kati su kwana a jiki.

Maciji, sauro da dorina

Ƙasar Kaltungo da Billiri da kwarin Binuwai sun yi suna wajen kububuwa, wadda waɗansu ke kira gobe-da-nisa. Ƙarama ce, launinta kamar ƙasa, da magariba da dare take yawo, ta fi kuma yawan sara a lokacin shuka da lokacin girbi. Dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa wanda ta sara yakan ga jini a dasashi ko a fitsari bayan sa'o'i, ko da ya ji kamar ya warke. Saboda yawan saran ne aka kafa asibiti na musamman domin saran maciji a Kaltungo.

Kada a taka ƙasa da dare ba takalmi, ba tocila, ko da fitsari za a je. A kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa ƙafa. In tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da roba ko igiya tamau, kada kuma a ɓata lokaci wajen baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nemi babur ko mota zuwa asibiti nan da nan. Wanda aka sara kada ya tuƙa keke da kansa, gama motsi yana gaggauta yaɗuwar dafi. Allurar kashe dafi ita ce magani.

Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, ya fi kuma yawa a fadama da bakin kogi. Gidan sauro mai magani ba shi da nauyi, kada a bar shi a gida ko da rani ne. A cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ta kowane ɓangare, haka zai tsare kunama da sauran ƙwari kuma.

A Numan ne Gongola ta haɗu da Binuwai. Akwai dorina a ruwayen wannan yanki, musamman wajen dam ɗin Kiri. Dorina takan fito tudu da dare ta yi kiwo, ba ta kuwa ƙyale abin da ya tsaya tsakaninta da ruwa. A tambayi masunta kafin a kwana kusa da gaɓa. A watannin Agusta zuwa Oktoba kuma kogi yakan cika ya malala, kamar yadda aka gani a manyan ambaliyar 2012 da 2022. A lokacin nan a hau tudu.

Sanyi yana da nasa hatsari. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, darenta a watan Disamba da Janairu ba wasa ba ne. A tafi da bargo da hular sanyi. Amma ko kusa kada a shiga da kaskon gawayi cikin tanti ko ɗaki a rufe. Gawayi yana fid da wata iska marar wari da takan kashe mutum cikin barci.

Maganar tsaro

Dole mu faɗi gaskiya, zamanin da mutum zai ratse daji ko'ina ya kwana ya wuce a wurare da yawa. Satar mutane da fashi sun sa jama'a suna zargin duk baƙuwar fuska. A watan Maris 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne masu komawa gida Arewa, bayan an zarge su da satar mutane. Wani saurayi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, wanda ya tuƙa keke a 2023 ta Mali, da Burkina Faso, da Togo, da Benin, da Nijar har Cadi, yana neman zuwa karatu a Jami'ar Azhar ta Masar, sau uku ana tsare shi a hanya ba da wani laifi ba.

A littattafan Turawa masu yawon duniya da keke akan ba da shawara mutum ya ɓuya a daji bayan magariba, ya tashi kafin kowa ya gan shi. A Suwidin al'ada da doka sun yarda mutum ya kafa tanti dare ɗaya a filin da ba gona ba, ba kusa da gida ba, Sikotilan ma ta yi irin wannan doka a 2003. Suna kuma da ƙungiya a intanet mai suna Warmshowers, wadda ta faro a 1993, inda masu keke suke saukar da junansu kyauta. Wannan ta ƙarshe ta yi kama da al'adarmu. Ɓuya kuwa ba ta dace da mu ba ko kaɗan. Mutumin da 'yan sintiri suka samu a ɓoye cikin daji da dare, kafin ya gama bayani aikin gama ya gama. A nan, tsaron baƙo shi ne a san da shi.

Kowace safiya a tambayi direbobi da 'yan acaɓa labarin hanyar da ke gaba, gama su ne suka bi ta jiya. In sun ce wani yanki ba lafiya, a ɗora keke a mota a wuce shi, ba abin kunya ba ne. Kada a faɗa wa kowa a tasha inda za a kwana gobe, ko nawa ake ɗauke da shi. Kowace yamma kuma a buga waya gida a faɗi sunan gari da sunan mai masauki.

Kayan kwana da ladabin baƙo

Kayan kwana kada su yi yawa: tabarma ko ledar shimfiɗa, bargo, gidan sauro, ƙaramin tamfol da igiya mita 10, tocila, ashana, kwaɗo, ƙaramar tukunya, da jarka mai cin lita 5. A cika jarka a rijiyar burtsatse ta ƙarshe kafin a sauka. Ruwan rafi ko na tafki sai an tafasa shi sosai. A riƙe garin kwaki, da ƙuli-ƙuli, da sukari, domin daren da ba a sami tuwo ba.

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Mu ci abin da aka ba mu da godiya, kada mu kushe. Kada mu shiga cikin gida sai an ce mu shiga, kada mu ɗauki hoton kowa sai da izini, kada mu ja gardamar siyasa ko ta addini a zauren mutum. Mu tambayi inda ake zagayawa. In a fili ne, a yi nesa da rijiya da rafi, a tona rami a rufe. Yawancin masu gida za su ji kunyar karɓar kuɗin kwana, amma goro, ko sabulu, ko gishiri ga uwargida, ko ɗan ingantaccen iri, ba mai ƙi. Da safe a share wurin, a kashe wuta da ruwa, a koma wurin mai unguwa a yi sallama. In an isa gida a buga waya a ce an sauka lafiya. Yadda muka bar masauki, haka za a karɓi mai keken da zai zo bayanmu.

Mu ma masu masauki ne

Yawancin masu karanta wannan takarda a ƙauyukan bakin hanya suke zaune, watau mu ne waɗanda ake buga wa ƙofa. Muna ba ƙungiyoyin manoma da kwamitocin raya ƙauye shawara su zauna da mai unguwa a kan wannan batu. A keɓe ɗaki guda ko zaure domin baƙi, a sa tabarma biyu, da gidan sauro, da tulun ruwa. A ajiye littafi inda za a rubuta sunan baƙo, da garinsu, da inda ya nufa, da lambar wayarsa. A kuma gaya wa matasa 'yan sintiri cewa duk baƙon da suka yi shakkarsa, wurin mai unguwa ko 'yan sanda za su kai shi, kada su yanke hukunci da hannunsu. Wannan shiri ba ya cin kuɗi mai yawa, yana tsare gari, yana kuma tsare baƙo. Ɗanmu ma wata rana yamma za ta yi masa a garin da ba a san shi ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya.